Fawar tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi, ko za ta yi mini aikin gwaje-gwaje?

Dan_Shara_Mansur:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin kayan wuta. Na samo fawa saflai ta tsohuwar kwamfutar tebur, akwatin ƙarfen nan mai fanka da tulin wayoyi kala-kala. An ce mini ana mai da ita abin ba da wuta na gwaje-gwaje, a riƙa ɗaukar bolt 12 da bolt 5 a jikinta maimakon a yi ta sayen adafta. Ni da yarona muke koyon haɗa Arduino, ƙaramin allon nan da ake ba umarni ya sarrafa na'urori, da fitilun LED da ƙananan moto idan na taso daga aiki. A takardar jikinta an rubuta wat 300, layin 12 amfiya 15, layin 5 amfiya 20. Na jona ta, fankar ko motsi. Ta mutu ne ko akwai abin da ake yi mata?

Bakano_Batha:
Wa alaikumus salam. Da wuya a ce ta mutu. Irin waɗannan ba sa tashi don an jona su kawai, sai allon kwamfuta ya ba su izini. Duba babban kan nan mai ramuka 20 ko 24, za ka ga koriyar waya guda ɗaya tak. Cire fulogi, lanƙwasa guntun waya ka haɗa ramin koriyar da ramin kowace baƙa, sannan ka mayar da wuta. In da ranta fanka za ta juya.

Muhandis_Jidda:
Maganar Bakano haka take. Bari in ƙara maka launukan, ka rubuta ka liƙa a inda kake aiki. Tsarin sunansa ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, shi ya sa yawancin fawar da za ka ɗauka launin wayoyinsu ɗaya ne. Rawaya bolt 12 ce, ja 5, mai ruwan lemo 3.3, baƙaƙen duka nagatif ne. Shuɗiya tana ba da 12 ta ƙasa da sifili, amma ba ta da ƙarfi, a yawancinsu ba ta kai amfiya 1 ba. Mai launin shunayya tana ba da 5 a kowane lokaci muddin fulogi na jiki, ko an tayar da fawar ko ba a tayar ba. Mai ruwan toka alama ce kawai, tana hawa 5 idan layukan sun daidaita, wasu kan sa mata ƙaramar fitila da razista. In ka ga fara a ciki, to fawar ta kwana biyu, an daina sa wannan tun farkon shekarun 2000.

Kafin ma ka taɓa koriyar, sa mita tsakanin shunayya da baƙa. In ta nuna 5, ɓangaren jiran tsammani yana aiki.

Dan_Shara_Mansur:
Allah Ya saka da alheri. Shunayya ta nuna 5.1. Na haɗa koriya da baƙa, fankar ta ɗan yi motsi kamar za ta tashi, sai ta tsaya cak.

Mai_Kawiya:
Kaya take nema. Tsofaffin nan da yawa ba sa son tashi ba komai a kansu. Nemi razista mai om 10, wat 10, irin farar nan ta siminti, ka sa tsakanin ja da baƙa. Za ta ja rabin amfiya, wato wat 2.5, za ta yi zafi, don haka ka ɗaure ta a jikin ƙarfen akwatin inda iska ke wucewa. In ba ka samu ba, ƙwan fitilar sigina na mota mai wat 21 ma yana yi, kowane mai gyaran wutar mota yana da shi. Ko ka jona mata tsohon had-dis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, ka gani.

Baba_Misfala:
Ɗana, kafin su kai ka ga buɗe murfi, ka saurare ni. Na yi gyaran talabijin tun zamanin masu ƙusumbi. A cikin akwatin nan akwai manyan kafasita da ke ɗauke da bolt sama da 300, a sababbin ma har kusan 400, kuma cire fulogi ba ya zubar da ita nan take. Faifan ƙarfen sanyayawa da ke gefen shigar wuta, shi ma a wasu fawar akwai wuta a jikinsa. Duk abin da kake buƙata yana waje, a jikin wayoyin. Bar murfin a rufe. Tunda ka ce da yaro kuke aikin, abin da ya ga hannunka na yi shi zai yi ranar da ba ka nan.

Dan_Shara_Mansur:
Na ji Baba, ba zan buɗe ba. Malam Mai_Kawiya na sa ƙwan mota a kan ja da baƙa, ya ɗan yi ja sau ɗaya ya mutu tare da fankar.

Bakano_Batha:
To wataƙila dai ta gaji. Nemi wata, ba su da tsada. Mu nan Riyad a kasuwar gwanjo ta Harajin Bin Ƙasim ana samunsu, a Ulayya ma shagunan kwamfuta na da waɗanda aka cire.

Abu_Sadik_Jarwal:
Ku dakata kada ku sa ya yar da kaya mai kyau. Ɗan'uwa, gidan da kake tsoho ne? Sa mita a soket ɗin da ka jona. Mu mazauna tsofaffin unguwannin Makka mun sani, ɗaki ɗaya sai ka samu wani soket mai bolt 127 wani mai 220, kuma ba koyaushe ake rubutawa ba. Sannan ka duba bayan fawar kusa da inda igiya ke shiga, akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230? A kan wanne yake?

Dan_Shara_Mansur:
Allahu Akbar. Soket ɗin ya nuna 126, makunnin kuma yana kan 230. Na kai ta soket ɗin kicin mai 220, fanka ta tashi tana juyi lafiya, ƙwan ma ya kama. Rawaya 12.1, ja 5.0, ruwan lemo 3.3. Abu Sadik Allah Ya biya ka. To in mayar da makunnin 115 in ci gaba da aiki a ɗaki?

Muhandis_Jidda:
Aiki kam za ta yi, domin 115 ɗin yana karɓar daga 90 zuwa 135. Amma ban ba ka shawarar haka ba. Ranar da wani ya ɗauke ta ya jona a 220 tana kan 115, ƙara za ka ji da hayaƙi, kafasitocin sun tafi. Bar ta a 230, ka liƙe makunnin da salatif, ka ware mata soket mai 220. Dama Saudiyya can ta nufa, tun 2010 majalisar ministoci ta yanke a koma tsarin 230 da 400, 127 ɗin ƙarewa yake yi sannu a hankali. Yawancin sababbin fawa kuma ba su da wannan makunni, daga 100 zuwa 240 duk suna karɓa da kansu.

Dalibi_Madina:
Ni dai ina da ja a kan maganar baki ɗaya, ku yi mini afuwa. Arduino ɗaya ko milli-amfiya 100 ba ya ci. Cajar jawwal, wato wayar hannu, mai amfiya 2 ta ishe shi har da fitilunsa. Me ya kai mutum ga ajiye akwati mai amfiya 20 a gaban yaro? Wanda kuma yake son abin da gaske, ya tara kuɗi ya sayi na'urar ba da wuta ta ɗakin gwaji, mai maɓallin rage bolt da na iyakance amfiya, akwai su a shagunan intanet irin Amazon da Noon. Wannan ta kwamfuta ba a yi ta don wannan aikin ba.

Mai_Kawiya:
Ɗalibi ka faɗi gaskiya rabi. Cajar jawwal ba za ta ba ka 12 da 5 da 3.3 a lokaci ɗaya da nagatif guda ba, kuma da ka sa mata moto biyu za ta durƙusa, Arduino ya yi ta sake tashi. Ni tawa a kan teburin warsha take, da ita nake gwada rediyon mota, da famfon ruwa mai 12 na mukayyif sahrawi, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, da rauta, da kyamarorin tsaro kafin in hau tsani in ɗaura su.

Ga yadda na yi tawa. Ban huda akwatin ƙarfen ba. Na samo akwatin roba na wayarin, na ɗaure shi a samanta, na yanke kawunan wayoyin na shigar da su ciki. Rawaya huɗu na murɗe wuri guda na sa dalma a kan ƙusar jonawa ɗaya, ja huɗu haka, baƙaƙe kuma kashi biyu. Waya guda siririya ce, kada ka ɗora mata fiye da amfiya 5 ko 6, shi ya sa ake tara su. Koriyar na kai ta ƙaramin makunni. Kowane layi na sa masa gidan fiyus irin na mota, mai lebur ɗin nan. Ragowar wayoyin da ban yi amfani da su ba, kowace na rufe bakinta da robar da ke tsukewa da zafi, ɗaya bayan ɗaya.

Abu guda da ke kayar da mutane: a babban kan, akwai ramin da waya biyu suka shiga tare, mai ruwan lemo da wata siririya, sau da yawa mai ruwan ƙasa. Siririyar ita ke gaya wa fawar halin da layin 3.3 yake ciki. In ka yanke ka raba su, fawar na iya ƙin tsayawa. A haɗa su tare kamar yadda aka same su.

Dalibi_Madina:
To ai ka ga kai ma sai da ka ƙara fiyus. Abin da nake faɗa ke nan, ita kanta ba ta san iyaka ba.

Muhandis_Jidda:
A nan ina tare da Ɗalibi, kuma ita ce maganar da ta fi muhimmanci a duk abin da aka faɗa. Fawar na da kariya, amma kariyar kanta take yi wa, ba abin da ka jona ba. Idan ja ta taɓa baƙa kai tsaye, mai kyau za ta ɗauke nan take. Amma idan siririyar wayar allon gwaji ce ta haɗe, wadda ke iya jan amfiya 10 ko 15, ita fawar a wurinta aiki ne na yau da kullum, ba za ta ɗauke ba. Na ga wannan a hannun wani yaro da muke koya wa aiki: wayar ta yi ja kamar ta hita, robar ta narke ta ɗiga a kan allon, ramukan suka lotsa, wari ya cika ɗakin, fanka kuwa tana ta juyinta. Fiyus mai amfiya 1 a layin da ya hana duk wannan.

Wanda yake son maɓallin iyakance amfiya ba sai ya sayi babbar na'ura ba. Akwai ɗan allon rage bolt mai XL4015, nau'in da ke da maɓalli na bolt da na amfiya. Ka ba shi 12 daga rawaya, ya ba ka daga 1 da ɗoriya zuwa wajen 11, ka saita iyakar da kake so. Mai LM2596 ya fi araha, amma yawancinsu bolt kawai suke ragewa.

Ummu_Hanan:
Sannunku da ƙoƙari. Ina bin maganar tun farko. 'Yata ana koya musu haɗa robot a makaranta, ta dame ni sai an samo mata abin gwaji a gida, kuma akwai tsohuwar kwamfutar babansu a ajiye. Shekarunta 12. Bayan abin da Baba da Muhandis suka faɗa gabana ya faɗi. In bari ko in hana?

Baba_Misfala:
'Yata, kada ki hana ta koyo, ki dai canja mata abin aikin. Fawar nan rijiya ce marar murfi a tsakar gida mai yara, ruwanta na da amfani amma ba a barin ta haka. A shekarunta batir ɗin AA huɗu ko fawa bank sun ishe ta. In ta ƙware ta kai ga manyan moto, sai babanta ya zauna da ita.

Mai_Kawiya:
Hajiya akwai kuma tsaka-tsaki. Ana sayar da ɗan allo da ake cusa babban kan mai 24 a jikinsa, ba yanka ba dalma, ya zo da makunni da ƙusoshin jonawa da fiyus a kowane layi. Sai dai fiyus ɗin da ke zuwa da shi babba ne, a cire a sa mai amfiya 1. Amma dai babba ya kasance a wurin.

Ummu_Hanan:
Na gode Baba, na gode Malam. Za mu fara da fawa bank ɗin.

Dan_Gadarif:
Salam daga Sudan 'yan'uwa. Ku kuna maganar 127 da 220, mu nan tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023 samun wutar ma shi ne aiki, yawancin masu sana'a sola da batir suka koma. Tambayata biyu. In wuta ta zo, zan iya cajin batirin mota da rawayar nan? Sannan in babu wuta, in jona fawar a inbata in riƙa aiki da ita?

Muhandis_Jidda:
Allah Ya kawo muku zaman lafiya ɗan'uwa. Na farko, 12 ba ta cika batirin mota. Cikakken batir da kansa yana wajen 12.6, kuma cajinsa na son 13.8 zuwa 14.4. Za ta ɗan ɗaga wanda ya yi ƙasa sosai, daga nan ta tsaya, in kuma ya mutu murus zai ja amfiya mai yawa a farko. In dole ne, sa allon ɗaga bolt mai iyakance amfiya a tsakani, da diyod don kada batirin ya mayar da wuta cikin fawar idan wutar gari ta ɗauke.

Na biyu, asara ce. Ka ɗauki 12 ta batir, inbata ta mai da ita 230, fawa ta sake mai da ita 12, kowane mataki yana cin rabonsa, ga fanka biyu na juyi. Ɗauki 12 ɗinka kai tsaye daga batir ta fiyus, in kana son 5 ka sa allon rage bolt.

Bakano_Batha:
Akwai masu buɗe ta su canja razista a ƙafa ta 1 ta TL494, ɗan ai-sin da ke daidaita wutar fawar, su ɗaga 12 ɗin zuwa 14. Na ga an yi.

Baba_Misfala:
Ana yi, ban musa ba. Amma aikin wanda ya san cikinta ne. Layukan a ɗaure suke da juna, in ka ɗaga 12 sai 5 ma ta hau, kariyar ta yanke, daga nan sai mutum ya fara cire kariyar don aiki ya tafi. Ban so a koya wa mai farawa wannan a rubuce.

Dan_Gadarif:
Na fahimta. To batiran litiyam na tsohuwar laftof fa, irin 18650? Muna tsintarsu da yawa muna yin fitila.

Mai_Kawiya:
Waɗannan kada ka kuskura ka jona su kai tsaye a ja. Iyakarsu 4.2, in ta wuce suna iya kama wuta, kuma wutarsu ba ta mutuwa da sauƙi. Sa ɗan allon caji na TP4056, ka ba shi 5, shi zai tsaya a 4.2, amfiya 1 yake bayarwa. Kowane batir da allonsa. Ja ɗin fawar za ta ɗauki alluna da yawa a jere, nan kam tana da rana.

Yar_Rusaifa:
Ni ɗinki nake yi, ina so in sa fitilar LED ta zare mita 2 a saman keke. Sai na nemo irin wannan akwatin?

Dalibi_Madina:
A'a Anti. Mai haske sosai ɗin ma wajen wat 14 take ci a kowace mita, mita 2 bai kai amfiya 3 ba. Adafta mai 12, amfiya 3, ta wadatar, ba ƙarar fanka ba tarin wayoyi kusa da yadi.

Dan_Shara_Mansur:
Na dawo. Na cire ƙwan motar na jona zaren LED da moto biyu a rawaya, sai 12 ta sauka zuwa 11.3, ja kuma ta hau 5.3. Da na mayar da ƙwan a kan ja, rawaya ta koma 11.9. Wannan lafiya ne? Wani abu kuma, in na taɓa jikin akwatin da bayan hannu ina jin yana ɗan tsikarata.

Muhandis_Jidda:
Na farkon halin tsofaffin ne, 5 da 12 tare ake daidaita su, shi ya sa Mai_Kawiya ya ce a bar kaya a kan ja. Ƙa'idar ta yarda da kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, wato 11.4 zuwa 12.6, da 4.75 zuwa 5.25. Ka ga ba tare da ƙwan ba duka biyun sun fita daga iyaka. Sa razistar ta zauna dindindin.

Na biyun kuma kada ka raina shi. Soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, ko kuma igiyarka mai ƙafa biyu ce. Akwai ƙananan kafasita masu tace hayaniya tsakanin layin wuta da jikin akwatin, in ba ƙasa sai ƙarfen ya ɗauki wajen rabin wutar, ƙarfinta kaɗan ne shi ya sa tsikara kawai kake ji. Amma baƙaƙen wayoyin a haɗe suke da jikin akwatin, ke nan tsikarar tana kan allon gwajinka, tana iya kashe ƙananan ai-si. Kuma ranar da wani abu ya lalace a ciki, ba abin da zai kai wutar ƙasa sai jikin mai taɓawa. Nemi igiya mai fulogi ƙafa uku, ka sa mai wayarin ya duba maka soket ɗin.

Abu_Sadik_Jarwal:
Wannan matsalar tana ko'ina a tsofaffin gidajenmu, fuskar soket ƙafa uku, ciki waya biyu. Ka yi magana da mai gida. Kuma da zafin Makka, kada ka sa ta a lungu ko kan kafet, tana shan ƙura ta ƙasa. Hura mata iska ta ramukan daga waje lokaci-lokaci.

Bakano_Batha:
Abin da ba a ambata ba: in wani zai je saye, ya duba kan wayar tukuna. Kwamfutocin ofis ƙanana na Dell da HP da Lenovo da yawa ba su bi tsarin launin nan ba, wasu 12 kaɗai suke fitarwa, kansu mai ramuka 6 ne ko 8 ko 10. Duk bayanin da aka yi a sama bai hau kansu ba.

Dalibi_Madina:
Ku lissafa mini: razista, fiyus uku, akwatin roba, ƙusoshi, allon XL4015, igiya, kiran mai wayarin. Har yanzu ina ganin da ya tara ya sayi wadda aka yi don aikin.

Mai_Kawiya:
Mai wayarin ko wacce ya saya sai ya kira shi, ita ma jikinta ƙarfe ne. Kuma wadda kake faɗa layi ɗaya take bayarwa, amfiya 5 ko 10. Yaron da ya zauna ya ga an murɗe wayoyin nan an sa dalma, ya auna da hannunsa ya ga 11.3 ta koma 11.9, ya koyi abin da ba a saye a kwali.

Dan_Shara_Mansur:
Duka na ji. Na cire ta daga wuta sai an gyara maganar wayar ƙasa. Zan sayi allon da ake cusawa da fiyus mai amfiya 1 a layin 5 da na 3.3. Layin 12 ne ban sani ba, moto biyun kowanne an rubuta milli-amfiya 600 a jikinsa, ga zaren LED mita ɗaya. Fiyus nawa zan sa?

Muhandis_Jidda:
Moto yana jan ninkin abin da aka rubuta lokacin tashi, in ya maƙale ma ya fi haka. Raba su: LED ɗin da nata fiyus mai 2, motocin mai 3. In mai 3 yana yawan ƙonewa, kada ka ƙara girmansa sai ka auna abin da kowanne ke ja idan ka riƙe shi da yatsa.

Dan_Gadarif:
Muhandis, diyod ɗin da ka ce in sa tsakanin allon da batir, wace lamba zan nema? A kasuwarmu 1N4007 ce ta fi yawa.

Muhandis_Jidda:
Wannan amfiya 1 ce kawai, za ta ƙone. Nemi 10A10, ko ka ciro diyod irin shotki mai ƙafa uku daga matacciyar fawa, tana jikin faifan ƙarfen gefen da wayoyi masu launi ke fita. Ka bari wanda ya saba ya zubar da wutar kafasitocin kafin a sa kawiya, wato ƙarfen narka dalma.